MAJINYACI A LABURARE: TARIHIN ƊAKUNAN KARATUN LAFIYA NA JAMA'AR GARI

Duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti, ko ya yi zaman jinyar wani nasa, ya san irin shirun nan da kan biyo bayan zagayen likita. An zo an ɗaga fayil, an yi 'yan maganganu da wani irin Turanci da ba a koya mana a makaranta ba, an rubuta abin da ko ɗan boko ba ya iya karantawa, an wuce gado na gaba. Sai a bar majinyaci da mai jinyarsa suna kallon-kallo, kowa na jin nauyin ya tambayi ɗan'uwansa abin da aka ce. Da yawanmu mun ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. Ashe har a Amurka, inda ake taƙama da manyan asibitoci, an daɗe ana irin wannan zama, kuma daga cikinsa ne aka samu wani nau'in laburare da muke son kawo tarihinsa a wannan fitowa, wato wanda aka tanada musamman domin mutumin gari ya shiga ya karanta bayanin cutar da ke damunsa, ko ta ɗansa, ko ta tsohuwarsa, ba tare da ya nemi iznin kowa ba.

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, mujallar marubuta da zancen asibiti? To, a yi mana haƙuri a biyo mu. Waɗanda suka tsara irin wannan laburare sun samu ɗaki, sun samu kuɗi gwargwado, sun samu ma'aikata, amma abin da ya fi ba su wahala shi ne samun rubutun da za su ɗora a kan kanta wanda talaka zai karanta ya gane. Wannan kuwa magana ce ta masu alƙalami.

LOKACIN DA AKE ƁOYE WA MUTUM CUTARSA

A shekarar 1961 wani likita mai suna Donald Oken ya buga sakamakon tambayoyin da ya yi wa likitoci sama da 200 a wani asibiti da ke birnin Shikago. Kashi 90 cikin 100 nasu suka ce al'adarsu ita ce ba su gaya wa mai ciwon daji cewa ciwon daji ne ke gare shi. Sai dai a ce masa ƙari ne, ko kumburi, ko wani suna mai sauƙi. Kada mu yi saurin ganin baƙinsu, domin a ganinsu tausayi ne. Suna tsoron kada mutum ya yanke ƙauna ya daina cin abinci. Amma sakamakon shi ne mutum ya mutu bai san abin da ya kashe shi ba, bai yi wasiyya ba, bai sallami kowa ba.

Idan likita bai faɗa ba, ina mutum zai je ya gano? Asibitoci da makarantun koyon likitanci suna da laburare, amma na likitoci ne da ɗalibansu, yawancinsu ba su barin mutumin gari ya wuce bakin ƙofa. Laburaren gari kuma, wanda ƙofarsa ke buɗe ga kowa, ɗari-ɗari yake yi da littattafan likitanci. Wasu wuraren a bayan teburin ma'aikaci ake ajiye su, sai ka roƙa a miƙo maka, kana roƙo ana kallonka. Ma'aikatan suna gudun kada a ce sun shiga sharo ba shanu, sun ba wani littafi ya je ya yi wa kansa magani ya halaka.

A shekarar 1979 aka buga sakamakon wani binciken da aka sake ɗaukar tambayoyin nan na Oken aka yi wa wasu likitocin a birnin Rochester. Wannan karon kashi 97 cikin 100 suka ce sun fi son su gaya wa majinyaci gaskiya. Cikin shekara 18 kacal abu ya juye gaba ɗaya. Tarihin da muke bayarwa a tsakanin waɗannan shekaru biyu ya tsiro.

Mata ne suka fara ta da ƙura. A 1969 wata 'yar jarida, Barbara Seaman, ta fitar da littafi a kan illolin ƙwayar hana ɗaukar ciki waɗanda ba a gaya wa masu sha. A 1970 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan maganar, daga nan hukuma ta tilasta a riƙa saka takardar gargaɗi a cikin kwalin maganin domin mai sha ta karanta da kanta. A daidai wannan lokaci wasu mata a Boston, waɗanda ba likitoci ba ne, suka raba wa junansu batutuwa, kowace ta je ta yi bincike a kan wani ɓangare na lafiyar mace ta rubuto. Suka haɗa suka buga a takarda mai araha a 1970, suna sayarwa santi 75. Wannan ɗan littafi shi ne ya zama Our Bodies, Ourselves, wanda wani babban kamfanin ɗab'i ya karɓa a 1973. A wannan shekarar ce kuma Ƙungiyar Asibitocin Amurka ta fitar da takardar haƙƙoƙin majinyaci, wadda ta amince cewa mutum na da haƙƙin a yi masa cikakken bayanin cutarsa da maganinta da abin da ake tsammani, cikin kalmomin da zai iya fahimta. Bayan shekara biyar, a taron Alma-Ata na 1978, ƙasashen duniya suka jera abubuwan da suka haɗu suka zama kiwon lafiya matakin farko, kuma ilmantar da jama'a game da cututtukan da ke addabarsu shi ne ya zo a farkon jerin.

GWAJE-GWAJEN FARKO

Amincewa a takarda daban, wurin da mutum zai je ya zauna ya karanta daban. Tun 1969 asibitin Kaiser da ke Oakland ya buɗe laburaren lafiya domin majinyatansa. A 1972 ƙungiyar likitocin gundumar San Bernardino ta ɓullo da wata dabara mai suna Tel-Med: mutum ya buga tarho, ya faɗi lambar kaset ɗin da yake so, a kunna masa bayani na 'yan mintoci a kan hawan jini ko ciwon sukari ko wata cuta da yake kunyar ambata a gaban mutane. Dabarar ta bazu zuwa garuruwa da dama, ga alama saboda kaset bai san wanda ke saurare ba.

Gwajin da ya fi ba mu sha'awa shi ne wanda aka fara a 1976 a kudancin gundumar Los Anjeles, mai suna CHIPS. Masu tsara shi sun lura da wani abu mai sauƙi: laburaren gari yana da mutane amma ba shi da littattafan likitanci, laburaren asibiti yana da littattafan amma ba shi da mutane. Sai suka ƙulla zumunci tsakanin laburaren gari na Carson da laburaren babban asibitin Harbor. Mutum ya kai tambayarsa inda ya saba zuwa aron littafi. In ta fi ƙarfin ma'aikatan wurin, sai a miƙa ta asibiti a nemo amsa. Da yake kuma yankin cike yake da mutanen da Sifaniyanci ne harshensu na gida, tun daga farko aka tsara aikin da harsuna biyu. Shekara guda bayan haka, a 1977, asibitin Mount Auburn da ke Kambirij ta jihar Masacusets ya yi irin wannan haɗin gwiwa da ɗakunan karatu na garuruwa shida da ke kewaye da shi. A Ingila ma, wajen ƙarshen shekarun 1970, an fara makamancin wannan a asibitin Lister da ke Stevenage da kuma a Southampton.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da kuɗin tallafi na shekara biyu ko uku aka fara su. Wanda bai samu uwar ɗakin da za ta riƙe shi bayan tallafi ya ƙare ba, sai ya shiririce, littattafan su tsufa a kan kanta. Wannan labari ne da duk ɗan ƙungiya ya sani, ba sai mun tsaya a kansa ba.

MATAR DA TA YI JINYA

A tsakiyar shekarun 1970 wata mata 'yar asalin Ajantina mai suna Angelica Thieriot ta kwanta a wani asibiti a San Faransisko da wata cuta da aka sha wahalar gano kanta. Ta warke, amma ta fito da ɓacin rai. Na'urori sun yi aikinsu, sai dai a iya zamanta babu wanda ya zauna ya yi mata bayanin abin da ke faruwa da jikinta. Ana shigowa a juya ta, a ɗebi jini, a fita. Ba da daɗewa ba ɗanta da surukinta su ma suka kwanta, ta sake ganin abin daga ɓangaren mai jinya. A 1978 ta kafa wata ƙungiya ta sa mata suna Planetree, sunan itaciyar da ake cewa a ƙarƙashinta ne Hippocrates, wanda littattafan Larabci ke kira Abuƙiraɗ, ya riƙa koyar da almajiransa a tsibirin Kos na ƙasar Girka.

Burinta shi ne ta canza yadda ake jinya a asibiti baki ɗaya. Amma abin lura, da ƙungiyar ta tashi fara aiki, laburare ta fara buɗewa, a 1981. Sai bayan shekara huɗu, a 1985, suka samu wani ɓangare mai gado 13 a wani asibitin birnin suka mayar da shi abin koyi, inda aka yarda majinyaci ya karanta fayil ɗinsa da kansa. A ganinmu jerin nan ba haɗari ba ne. Wanda bai san ma'anar kalmomin da ke cikin fayil ba, ko an miƙa masa shi, an miƙa masa ne kawai.

A nan ne ya kamata mu ɗan dakata mu duba irin shawarwarin da masu tsara wannan wuri da ire-irensa suka yanke, domin kowace ɗaya akwai gardama a bayanta.

Akwai maganar me za a ajiye. Wasu na ganin a tsaya ga 'yan ƙasidu masu sauƙi, kada a ba mutum manyan littattafan likitoci ya tsorata. Planetree ba ta bi wannan ra'ayi ba. Ta ajiye littattafan da aka rubuta don jama'a, ta ajiye na likitocin a gefensu, ta kuma tara yankakkun maƙaloli daga mujallun likitanci a cikin fayil-fayil, kowace cuta da nata. Hujjarsu ita ce uwar da ɗanta ke fama da cutar da ba kasafai ake ganinta ba, cikin wata shida za ta iya karanta abin da ɗalibin likitanci ke karantawa, domin ita ba jarrabawa take son ci ba. Wanda ke nesa kuma yana iya aiko da wasiƙa ya biya 'yan kuɗi, a haɗa masa bayanai a kan cutarsa a aika masa ta gidan waya. Har littattafan magungunan gargajiya da na sauran hanyoyin warkarwa sun ajiye, abin da bai yi wa likitoci da yawa daɗi ba. Su kuwa suna ganin mutum zai nemi wannan bayani ko an ba shi ko an hana shi, gara ya same shi a inda akwai wani littafin a kusa da zai gwada shi da shi.

Akwai kuma maganar jeri, wadda wanda ba ma'aikacin laburare ba zai ɗauka ƙarama ce. Tsarin Dewey, wanda aka ƙirƙiro a 1876 kuma yawancin ɗakunan karatu na gari ke bi, ya zuba likitanci a lamba 610 da 'yan bayanta. Amma littafin da ke magana a kan yadda iyali za su zauna da mai cutar, ko abincin da zai ci, ko haƙƙinsa a wurin aiki, kowanne yana can wata kanta dabam. Tsarin da laburaren likitoci ke bi kuwa, da tunanin likita aka gina shi. Saboda haka Planetree ta zauna ta ƙirƙiro nata tsarin jerin, wanda ya bi yadda mutumin gari ke yin tambaya, kuma daga baya ɗakunan karatun lafiya da yawa suka ara. Mutumin da aka gaya wa mummunan labari da safe, ba shi da zuciyar zagaya kantoci biyar da rana.

Sai babbar magana, wato iyakar da ke tsakanin ba da bayani da ba da shawarar likita. Ƙa'idar da ta samu karɓuwa a wannan fage ita ce ma'aikacin laburare ya nemo littafi, ya buɗe shafin, ya nuna, in ta kama ya karanta wa mutum abin da ke rubuce ya kuma faɗi inda ya samo shi. Amma ba zai ce wannan ce cutarka ba, ba zai ce ka daina shan wancan magani ba, ba zai fassara sakamakon gwajin jini ba. Faɗar wannan ƙa'ida ya fi riƙe ta sauƙi. Ka ɗauka dattijo ne ya zo da sunan cuta rubuce a 'yar takarda, yana tambaya a hankali kada na kusa ya ji, kai kuma ka buɗe littafi ka ga cutar ba ta da magani, shi bai sani ba. Za ka miƙa masa? Za ka ce littafin ba ya nan? Masu wannan aiki sun koyi su fara tambayar mutum me likita ya gaya masa, me kuma yake son sani, su bar shi ya ja ragamar da kansa. Shi ya sa ma aka fi son a sami kusurwa ko ƙaramin ɗaki inda za a yi magana ba a kunnen jama'a ba.

Abu na ƙarshe a wannan babi ya saɓa wa ɗabi'armu ta masu son littafi. A laburaren adabi tsufan littafi daraja ce. A na lafiya kuwa haɗari ne, domin maganin da aka yaba a bugun da ya wuce ana iya hana shi a bugu na gaba. Al'adar da aka fi bi ita ce littafin magani da ya haura shekara biyar a sake duba shi, galibi a sauke shi. Wannan ya sa kyautar tsofaffin littattafai, wadda da ita ake cika kantocin laburare da yawa, ba ta da amfani a nan.

MATSALAR HARSHE

Da tafiya ta yi tafiya sai aka lura da su wane ne ke shigowa. Galibi masu ilmi ne, waɗanda da ma sun iya yi wa likita tambaya. Waɗanda aka fi yi domin su ba su cika zuwa ba, in sun zo kuma sukan karɓi ƙasida su yi godiya su ninke su sa a aljihu. A 1992 gwamnatin Amurka ta gwada iya karatun manya kimanin 26,000, sakamakon ya nuna kashi 21 zuwa 23 cikin 100 na manyan ƙasar, wato mutum miliyan 40 zuwa 44, suna matakin ƙasa na ƙarshe. Su kuwa ƙasidun da asibitoci ke rabawa, bincike bayan bincike ya nuna yawancinsu sai wanda ya yi nisa a sakandare zai gane su. Likita ne ya rubuta, likita ya duba, babu wanda ya kai wa mai sharar asibitin ya ce karanta ka gaya mini abin da ka fahimta.

Tun 1985 wasu ma'aurata, Cecilia da Leonard Doak, tare da Jane Root, suka fitar da littafi a kan yadda ake koyar da majinyatan da karatunsu bai yi ƙarfi ba. Abin da suka koyar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa rubuta wasan kwaikwayon rediyo: ka fara da abin da kake so mutum ya aikata, ka taƙaita saƙonni, ka yi amfani da kalmar da yake faɗa a gida, ka sa zane, sannan ka gwada rubutun a kan irin mutanen da ka yi domin su kafin ka kai maɗaba'a.

Misali mafi kyau na irin wannan rubutu ma ba daga birni ya fito ba. David Werner ya yi shekaru yana aikin lafiya da manoma a ƙauyukan duwatsun yammacin Meziko, kuma a farkon shekarun 1970 ya rubuta musu littafi da Sifaniyancin da suke ji, da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Sai a 1977 aka fitar da shi da Turanci da sunan Where There Is No Doctor, daga nan aka fassara shi zuwa harsuna masu ɗimbin yawa, har aka yi bugu na musamman domin Afirka. A lura da hanyar da ya biyo: da harshen masu karatunsa aka fara rubuta shi, Turanci ne ya zo daga baya a matsayin fassara.

A nan ne maganar ta taɓo mu, 'yan'uwa marubuta. Rubutu a kan lafiya ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido. A shekarun 1950 hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai da Hausa domin 'yan ajin yaƙi da jahilci, ciki har da na tsafta da kiwon lafiya, kafin a rufe ta a 1959. A shekarun 1990 kuma mun ga yadda shagunan hayar littattafan Hausa a Kano da sauran garuruwa suka riƙa kai karatu har cikin ɗakunan matan aure, abin da laburaren gwamnati bai taɓa iyawa ba. Masu karatu akwai su, hanyar kai musu ma an taɓa samu. Amma a ce yau wata unguwa ta ware ɗaki ta ce za ta yi laburaren lafiya, aka ce mu kawo littattafan Hausa na zamani a kan amosanin jini, da hawan jini, da yoyon fitsari, da taɓin hankali, waɗanda likita ya duba ya amince kuma tsohuwa za ta saurara ta gane, muna shakkar ko za mu cika kanta guda. Ko sunayen cututtukan ma da sauran aiki, domin kalma ɗaya kamar shawara ko sanyi tana ɗauke da cututtuka da dama waɗanda a wurin likita ba su haɗa hanya ba.

ZUWAN INTANET

A watan Oktoba na 1998 Babban Laburaren Likitanci na Amurka, wanda tun kafuwarsa likitoci da masu bincike yake yi wa hidima, ya buɗe wani shafi a intanet domin jama'ar gari mai suna MedlinePlus. Da batutuwa 22 ya fara, kuma a ɗakunan karatu na gari aka fara gwada shi, domin a lokacin can ne mutane da yawa ke samun kwamfuta. Ɓangaren Sifaniyanci bai zo ba sai 2002, shekara 26 bayan mutanen Carson sun fara amsa tambayoyi da harsuna biyu.

Daga nan ɗakunan karatun lafiya da yawa suka rage kantoci, wasu aka rufe, wasu suka koma cikin laburaren gari. Waɗanda suka saura sai aikinsu ya sake kama. A 1981 mutum kan shigo hannu rabbana, da sunan cuta kawai a 'yar takarda. Bayan shekara ashirin sai ya riƙa shigowa da damin takardun da ya gurzo daga kwamfuta, wata ta ce a yi tiyata, wata ta ce kada a kuskura, wata kuma talla ce ta mai sayar da magani da aka yi wa shigar bayanin likita, yana so a zauna da shi a duba wa ya rubuta kowace, yaushe aka rubuta ta, kuma wa ya biya kuɗin.